Me Ya Canja a Sashen Biya? Yadda Ake Tace Tarihin Git a Manhaja Mai Sassa da Yawa

Duk wanda ya bi Court Road a Gyadi-Gyadi, ya faɗa Titin Zariya, ya ƙarasa kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, zai ga kantuna da ƙananan asibitoci da makarantun kuɗi da suka daina rubuta ciniki a littafi. Kwamfuta ce ke buga rasit, ita ke ƙirga kaya, ita ke fitar da rahoton ƙarshen wata. Waɗanda ba a cika gani ba su ne masu rubuta manhajojin: ƙananan tawagogi a ofis mai ɗaki ɗaya a saman bene, da inbata da sola saboda halin da wuta take ciki. A irin wannan tawaga mai wannan rubutu yake aiki, kuma akwai tambayar da ba ta taɓa wuce shi duk ranar da za a miƙa wa mai kanti sabon zubi: me ya canja a sashen biya tun zubin da ya wuce?

Tambayar gajera ce, amma amsarta kan cinye wa tawaga yini guda.

Dalili shi ne yadda ake gina manhajar. Maimakon dunƙule komai wuri ɗaya, akan kasa ta sassa, kowane sashe da foldarsa: `biya` mai karɓar kuɗi da buga rasit, `kaya` mai lura da abin da ke sito, `rahoto` mai tattara lissafi, sai `tushe` inda ake ajiye abin da kowa ke amfani da shi. Masu rubutu da Java sukan yi wannan da Maven, wanda gidauniyar Apache ta fitar da zubinsa na farko a 2004, inda fayil ɗin `pom.xml` na sama ke lissafa sassan. Wasu kuma Gradle suke amfani da shi. Sassan duka suna zaune a ma'ajiya ɗaya ta Git, don haka tarihinsu ma ɗaya ne. Mai neman abin da ya taɓa sashen biya, idan ya buga `git log`, sai ya ga gyaran launin rahoto, da sauyin sunan wani maɓalli a sashen kaya, da komit ɗari, wato gyare-gyaren da aka ajiye, da ba ruwansu da tambayarsa.

Git ba ya ajiye tarihin folda

Kafin Git ya mamaye sana'ar, Subversion ne ke tashe, kuma a wurinsa tambayar tarihin folda ɗaya abu ne na yau da kullum, har ma mutum na iya ɗauko folda ɗaya tak daga saba ya bar sauran. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a Afrilun 2005 domin aikin Linux, ya bi wata hanya dabam. Kowane komit hoto ne na ma'ajiyar gaba ɗaya a wannan lokacin. Babu wani wuri da aka rubuta "tarihin foldar biya". Idan an nema, Git kan bi komit ɗaya bayan ɗaya, ya gwada foldar da yadda take a komit ɗin da ya gabata, ya nuna waɗanda suka bambanta kawai.

Umarnin da ke yin wannan shi ne `git log -- biya/`. Layukan nan biyu da ke gaban sunan foldar suna da aiki: su ke gaya wa Git cewa abin da ya biyo baya folda ce, ba sunan reshe ba. Idan tawaga tana sa wa kowane zubi alama, sai a rubuta `git log biya-1.4..HEAD -- biya/`, a samu abin da ya canja tun daga zubi na 1.4 zuwa yau. Wanda ba ya son ganin gyare-gyaren takardun bayani yana iya cire su da `':(exclude)biya/docs'`, dabarar da ta shigo Git tun zubi na 1.9 a 2014.

Nan da yawa suke tsayawa, su ɗauka an gama. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Canjin da ya shafi sashe ba lallai a foldarsa yake ba

Ma'ajiya mai sassa kamar gidan haya take: kowa da ɗakinsa, amma rijiya ɗaya ce a tsakar gida, kuma duk wanda ya taɓa ta ya taɓa ruwan kowa ko bai leƙa ɗakin kowa ba.

A ɗauki misalin da duk mai rubuta manhajar ciniki a Najeriya ya sani. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, bisa dokar kuɗi ta 2019. A manhajar da aka tsara da kyau, wannan lamba wuri ɗaya take zaune, a sashen `tushe`. Layi ɗaya aka gyara, amma kowane rasit da sashen biya ya buga ya canja, kowane rahoto ya canja. Wanda ya buga `git log -- biya/` a ranar ba zai ga komai ba. Idan da wannan umarni kaɗai na'urar harhaɗa manhaja take yanke shawara, za ta ce sashen biya bai motsa ba, ta ƙi sake gina shi, a miƙa wa mai kanti tsohon zubi yana cajin tsohon haraji.

Mai wannan rubutu ya ga irin haka a wata tawaga da aka kira shi ya duba musu aiki. An ɗaga zubin wani laburare na waje a `pom.xml` na sama, takardar canje-canjen sashen rahoto ta fito fayau babu komai, alhali yadda ake rubuta kwanan wata a rahoton ya juye. Sai da akawun kantin ya kira yana tambaya kafin a gano.

Maganin shi ne matatar, wato jerin foldojin da ake ba `git log`, ta haɗa da duk abin da sashen ya dogara a kai: `git log -- biya/ tushe/ pom.xml`. Maven ya riga ya san wanda ya dogara da wani, don haka gara a bar masa wannan aikin. Umarnin `mvn -pl biya -am` yana gina sashen biya tare da duk sassan da yake buƙata. Shi kuwa `mvn -pl tushe -amd` akasin haka yake yi: ya gina tushe, ya bi duk waɗanda suka dogara da shi ya sake gina su. Git ya faɗi foldar da aka taɓa, Maven ya faɗi waɗanda abin ya shafa.

Wurare uku da tarihi ke ɓacewa

Na farko, sauya sunan folda. Git ba ya rubuta cewa an sauya suna; yana hasashe ne idan ya ga fayil ya ɓace a nan, wani mai kama da shi ya bayyana a can. Zaɓin `--follow` da ke bin fayil zuwa tsohon sunansa fayil ɗaya kawai yake iya bi, ba ya bin folda. Idan da can `kudi` ake kiran sashen kafin ya koma `biya`, sai a ba Git sunayen biyu: `git log -- biya/ kudi/`. In ba haka ba tarihin zai fara ne daga ranar da aka sauya sunan, kamar a ranar aka haifi sashen.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Duk lokacin da aka ba `git log` sunan folda, yakan taƙaita tarihi da kansa. Idan ya iso inda aka haɗe rassa biyu, ya ga foldar ta fito daidai da yadda take a ɗaya daga cikinsu, wannan reshen kaɗai zai bi, ya yi watsi da ɗayan. A yawancin lokaci hakan sauƙi ne ga mai karatu. Amma a ce wani ya gyara kuskuren ragi a reshensa, wani kuma wajen warware karon haɗewa ya zaɓi tsohon fayil: gyaran ya tafi, kuma komit ɗin gyaran ma ba zai fito a jerin ba. Sai a yi ta musu, wannan na rantsuwa ya gyara, wancan na cewa babu shi a tarihi. Ƙara `--full-history` shi ke raba gardamar.

Na uku ya shafi na'urorin da ke harhaɗa manhaja da kansu. A GitHub Actions, matakin ɗauko ma'ajiya komit ɗaya kawai yake saukowa da shi idan ba a gaya masa wani abu ba. A irin wannan kwafi mara zurfi, Git na ganin komit ɗin nan a matsayin mafarin komai, sai ya nuna shi ne ya kawo kowane fayil na kowane sashe. Sakamakon haka kowane sashe zai ce an taɓa shi yau. Sa `fetch-depth: 0` yana dawo da cikakken tarihi.

Inda tacewar ke rage kashe kuɗi

Ga tawagar da ke Gyadi-Gyadi wannan ba maganar tsafta ce kaɗai ba. GitHub na ba asusun kyauta minti 2,000 na GitHub Actions a wata don ma'ajiyar da ba ta jama'a ba, abin da ya haura kuma da dala ake biya. Gina duk sassan saboda an gyara waƙafi a sashe ɗaya ɓarnar minti ce. Shi ya sa GitHub Actions ke da `paths`, GitLab ke da `rules: changes`, Jenkins kuma ke da `changeset`, duk don aikin ya tashi kawai idan an taɓa wasu foldoji. Ƙa'idar ɗazu tana nan: a sa `tushe` da `pom.xml` a jerin kowane sashe. A kuma lura, a GitHub idan an wajabta wani gwaji kafin haɗe reshe, sannan matatar folda ta hana shi tashi, gwajin zai tsaya yana jira, haɗewar ta maƙale.

Akwai kuma hanya mai sauƙi ta sanin ko folda ta canja ba tare da karanta tarihi ba. Umarnin `git rev-parse HEAD:biya` yana ba da lambar shaidar abin da ke cikin foldar. Muddin ba a taɓa ko harafi ɗaya ba, lambar ba ta canjawa, ko komit nawa aka yi a sauran sassa.

Data ma abin lissafi ce, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sabon ɗan koyo da zai yi aiki a sashe ɗaya ba ya buƙatar sauke kowane tsohon hoto da ke ma'ajiyar. Da `git clone --filter=blob:none` zai samu jerin komit gaba ɗaya, ainihin fayiloli kuma su sauko sai an buƙace su. Umarnin `git sparse-checkout`, wanda ya zo a zubi na 2.25 a Janairun 2020, zai bar masa foldojin da ya zaɓa kawai a kwamfutarsa. Shi wannan abin da ke gaban mutum yake ragewa, ba ya taɓa tarihi.

Tacewa dabam, yankewa dabam

Idan tarihi ya cika hayaniya, akwai wanda zai ce a raba kowane sashe da ma'ajiyarsa a huta. Kayan aikin suna nan: `git subtree split`, da `git filter-repo` na Elijah Newren, wanda takardun Git da kansu ke ba da shawarar a yi amfani da shi maimakon tsohon `filter-branch`. Sai dai waɗannan sake rubuta tarihi suke yi. Lambar kowane komit za ta canja, duk inda aka ambaci tsohuwar lamba a takardar aiki ko saƙon WhatsApp na tawaga ya zama ba ya kai mutum ko'ina. Gyara ɗaya da ya shafi tushe da biya, wanda da komit ɗaya ne, ya koma aiki biyu a wuri biyu da dole a daidaita. Ga tawagar mutum huɗu, sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yankewa na da amfani idan za a miƙa wa wani kamfani sashe ɗaya ba tare da ya ga sauran ba, kuma a sabon kwafi ake yin ta, ba a ma'ajiyar da ake aiki da ita ba.

Manyan kamfanoni ma ba su guji ma'ajiya ɗaya ba. A 2016 Rachel Potvin da Josh Levenberg sun bayyana cewa Google na ajiye layin manhaja kusan biliyan 2 a ma'ajiya guda. A 2017 Microsoft ya mayar da Windows kan Git, fayil kusan miliyan 3.5, nauyin kusan gigabait 300. Irin wannan girma ne ya sa aka inganta binciken tarihin folda: tun zubi na 2.27 a 2020, `git commit-graph write --reachable --changed-paths` na sa Git ya tsallake komit ɗin da ba su taɓa foldar ba cikin sauri. Gyaran da aka yi domin Windows yana aiki a tsohuwar laftof da ke Tarauni.

Abin da ya rage na hali ne, ba na na'ura ba. Masu aikin Linux sukan fara saƙon komit da sunan ɓangaren da suka taɓa, kuma ba sa cusa gyare-gyare marasa alaƙa a komit ɗaya. Wanda ya gyara rasit, ya sauya launin rahoto, ya goge tsohon fayil a sashen kaya, ya tura duka da saƙon "gyara", babu matatar da za ta tsabtace masa tarihi, domin komit ɗin zai fito a jerin sassa uku ba tare da ya bayyana komai ba.

Don haka ga shugabannin ƙananan tawagogi, da matasan da ke fitowa daga Jami'ar Bayero ko shirin 3MTT suna shiga sana'ar: a rubuta wa kowane sashe jerin foldojin da ya dogara da su, a ajiye jerin a cikin ma'ajiyar, a sa wa kowane zubi alama mai sunan sashensa, a kuma tabbatar na'urar harhaɗawa na ɗauko cikakken tarihi. Kafin a miƙa wa mai kanti zubi na gaba, a gyara layi ɗaya a `tushe` da gangan, a duba ko sashen biya ya sake ginuwa. In bai ginu ba, a gyara matatar kafin a tura.