DARASI: AIKI BIYU, GARI BIYU, WANNE ZA A ƊAUKA?

Albashi mai yawa yana da daɗin ji a kunne. Amma abin da ke ciyar da gida shi ne kuɗin da suka rage a hannu ƙarshen wata. Ga misali domin a gane.

Wani saurayi ne a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Ya yi karatun manya, ya iya rubutu da lissafi. Sai ya samu aiki wuri biyu, duk na tsaron mangaza da ƙidayar buhunan hatsi. Ɗaya a Yamai, jika 70 a wata. Ɗaya a Maraɗi, jika 55. Jika ɗaya sefa 1.000 ce.

Abokansa suka ce: «Yamai mana! 70 ta fi 55.» Shi kuwa ya ɗauki allonsa ya tafi wurin malaminsu.

Malam ya ce: «Kada ka yi gaggawa. Tambayi waɗanda suka zauna garuruwan nan biyu, ka rubuta abin da suke kashewa.»

LISSAFI NA FARKO: ABIN DA KE FITA

Waɗannan kuɗi misali ne. Kowa ya tambayi farashin lokacinsa.

Yamai: hayar ɗaki jika 20, abinci jika 30, kuɗin mota zuwa wurin aiki jika 8. Jimla 58. A cire 58 daga 70, saura jika 12.

Maraɗi: hayar ɗaki jika 10, abinci jika 25, zuwa wurin aiki jika 2. Jimla 37. A cire 37 daga 55, saura jika 18.

Ashe ƙaramin albashi ya bar masa jika 6 fiye da babban. A wata 12, jika 72 ke nan.

LISSAFI NA BIYU: NISAN GIDA

Daga Tasawa zuwa Maraɗi kamar kilomita 120 ne. Daga Tasawa zuwa Yamai ya fi kilomita 750. Mai aiki a Maraɗi yana iya zuwa gida ranar hutu, ya duba gona, ya koma. Mai aiki a Yamai sai ya yi wuni a mota, ya biya kuɗi masu yawa.

Mahaifin saurayin ya tsufa. Ya ce: «Ɗana, in ruwan shuka ya sauka kana Yamai, wa zai riƙe mini hauya?»

Saurayi ya ce: «Baba, sai a ɗauki ƴan ƙwadago.»

Tsoho ya ce: «To, rubuta ladansu cikin lissafinka. Su ma daga albashinka za su fito.»

Gero ba ya jiran mutum. Wanda ya makara da shuka ko noman fari, rumbunsa ne zai faɗa masa. In hatsin gida ya ƙare kafin kaka, albashi ne zai sayi na kasuwa, lokacin da ya fi tsada.

LISSAFI NA UKU: TAKARDA

Har yanzu Maraɗi ce ke gaba. Sai malam ya yi wata tambaya: «Wa ya ba ka takarda a cikinsu?»

Mai aikin Yamai ya ce za a rubuta yarjejeniya, a sa hannu, a kuma rubuta sunan ma'aikaci a asusun ma'aikata da ake kira CNSS. Mai aikin Maraɗi magana ya yi da baki kawai.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Asusun nan shi ke biyan kuɗin tsufa in mutum ya cika shekarunsa na aiki. Shi ke taimako in an ji rauni a wurin aiki. Yana kuma ba da taimakon iyali. Takarda ita ce shaida ranar da rigima ta tashi a kan albashi. A sani kuma, tun farkon shekarar 2024 albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a Nijar jika 42 ne a wata.

Saurayin bai zaɓa ba tukuna. Ya koma Maraɗi ya ce: «Alhaji, ina son aikin nan. Amma ina roƙon a rubuta albashi da ranar hutu, a sa sunana a asusu.» Ya riga ya yanke shawara: in Alhaji ya yarda, Maraɗi. In ya ƙi, Yamai. Alhaji ya yarda. Saurayi ya karanta takardar da kansa kafin ya sa hannu.

ABIN DA ZA A RIƘE

Kafin a karɓi aiki a wani gari, a tambaya: nawa zai rage bayan haya da abinci? Wa zai kula da gona da iyali? Akwai takarda ko babu?

AIKIN DA ZA A YI A AJI

1. In hayar ɗaki a Maraɗi ta koma jika 15, nawa zai rage wa saurayin?
2. In ladan ƴan ƙwadago jika 36 ne a shekara, nawa ke nan a kowane wata?
3. Da Alhaji ya ƙi rubuta takarda, shawarar saurayin daidai ce? Ku tattauna da malaminku.