Yaya Ake Ƙirga Ƙwayoyin Gani a Idon Mai Rai?

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 14 an ce tana da ciwon Stargardt. Likita ya ce ƙwayoyin gani na tsakiyar idonta sun ragu daga bara zuwa bana, alhali layin da ta karanta a allon haruffa bara shi ta sake karantawa. Ta ina ya san sun ragu? Ana ƙirga su ne?
Daga wata uwa a Zariya

AMSA: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya ƙara miki haƙuri. Abin da kika gani gaskiya ne, kuma likitan bai yi kuskure ba.

A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin da ake kira kon, miliyan biyar zuwa shida. Da su muke karatu, da su muke gane fuska da launi. Sun fi cunkushewa a ɗan wurin nan na tsakiya, makula. A 1990 Christine Curcio da abokan aikinta sun ƙirga su a idanun mamata, suka sami kimanin 199,000 a murabba'in milimita ɗaya a tsakiyar tsakiya. Ciwon da likitan Jamus Karl Stargardt ya bayyana a 1909 nan yake kamawa. Yawanci tangarɗa ce a ƙwayar gado ta ABCA4, sai yaro ya gaje ta daga uwa da uba duka, shi ya sa auren zumunci kan ƙara yiwuwarsa. Ba laifin kowa ba ne.

Saboda yawan nan nasu, allon haruffa makararren shaida ne. Wani bincike a San Francisco a 2013 ya sami mutanen da suka rasa fiye da rabin ƙwayoyin tsakiya amma suna karanta allo lafiya lau. Waɗanda suka rage su ke ɗauke nauyin 'yan'uwansu.

Ina kyautata zaton hoton OCT likitanku ya duba. Na'urar tana nuna tantanin ido hawa-hawa, kuma akwai wani siririn layi mai haske da ke nuna inda ƙwayoyin suke da rai. Inda ya yanke, an yi asara, sai a auna faɗin giɓin a gwada da na bara. Akwai kuma hoton da ake ɗauka da shuɗin haske: dattin da ciwon ke tarawa ya yi ƙyalli, inda ya riga ya mutu ya fito baƙi.

Ƙirga ɗaya bayan ɗaya kuwa, daga masu nazarin taurari aka aro dabarar. Su kan yi amfani da madubi mai lanƙwasa kansa don gyara rawar da iska ke sa hasken tauraro. A 1997 David Williams da abokansa a Jami'ar Rochester ta Amurka suka juya wannan madubi zuwa cikin ido, kon suka fito ɗige-ɗige kamar gero a faifai. Sai dai ƙwayar da ba ta yi haske ba, ba lalle ta mutu ba. A 2014 aka fito da hanyar ganin jikin ƙwayar ko da ta dushe, kuma wannan ya faranta min rai ƙwarai, don mai sauran rai ce magani zai iya cetowa. Har yanzu dai a ɗakunan bincike aka fi samun wannan na'ura.

Tunda yawan kon ya bambanta sosai tsakanin mutane, idon 'yarki da hotonsa na baya za a gwada shi. Ki karɓi kwafin kowane hoto ki adana, ki nemi a riƙa ɗauka da na'ura iri ɗaya. Kada kuma a ba ta ƙarin bitamin A sai da sanin likita, domin daga gare shi dattin nan yake samuwa.