Ruwa ne abokin gabar kwalta

Hanya mai lamba 1 ta bi ta Yamai, Dosso, Ƙonni da Damagaram. Cikin gari ta fi shan wahala, don can shara ke toshe magudanar ruwa.

In magudana ta toshe, ruwa ya kwanta bisa hanya, ya shiga tsagar kwalta. Ƙasar ƙarƙashi ta jiƙe. Babbar mota ta taka, sai rami. Ramin nan shi ke kada mai babur, ya karya amalanke.

Bayan damana ma'aikatan hanya suna zagayawa. Su auna kowane rami, su rubuta wurinsa da ranar gyara cikin littafi. Inda gyara ya yawaita, can ruwa ke kwanciya: sai a yashe magudana tukuna.

Tambaya: Mi ke kawo rami? Mine ne amfanin littafin gyara?