DARASI: GIƁIN DA KE BAKIN KUSU

Kowane manomi ya san ɓarnar kusu cikin rumbu. Amma kaɗan ne suka taɓa buɗe bakinsa su duba.

Babban mutum yana da haƙori 32. Kusu yana da 16 kawai: 4 na gaba, 12 turame. Ba shi da fiƙa. Tsakanin na gaba da turame akwai giɓi mai faɗi. Ba faɗuwa haƙoran suka yi ba. Haka ake haihuwarsa.

Yadda giɓin yake samuwa

Jikin kowace dabba an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin kusu yana yin kamar kwana 20. A wannan lokaci haƙora suke soma tsiro cikin dasashin ɗan tayi. Har a wurin giɓin ma tsiro yana fitowa. Amma ba ya girma. Ƙwayoyinsa suna mutuwa da kansu, maƙwabtansu su shanye su. Babu ciwo, babu kumburi.

Wannan mutuwa ba cuta ba ce. Tsari ne na jiki. Ta yi kama da aikin manomi bayan shibka: ya iske hatsi ya cunkushe a rami, ya cire wasu, ya bar uku su yi ƙarfi.

A 1972 masana uku na jami'ar Abadin, a Birtaniya, suka yi bayaninta. Sun ba ta suna apoptosis, kalmar Girkanci mai nufin kakkaɓar ganye daga icce.

Ko haƙoran da suka girma, wannan mutuwa tana aiki cikinsu. A kan tsiron turmi akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyi. Shi ne yake tsara inda tsinin haƙori zai fito. Da aikinsa ya ƙare, sai ya mutu. Masana na Helsinki, a ƙasar Finlan, sun nuna haka a 1998.

Amfanin giɓin ga kusu

Idan kusu yana gaigayar icce ko laka, yana jan leɓɓansa cikin giɓin, ya toshe bayan bakinsa. Tarkace ba ya shiga maƙogwaro. Kuma haƙoransa na gaba ba su daina tsawo har ya mutu. Gaigaya ita ke rage su, ita ke wasa su.

Don haka buhu, tabarma, zana da kwando ba su tare shi. A ɗora rumbu bisa duwatsu. A share ciyawa da shara kewaye da shi. A liƙe kowace kafa tun tana ƙarama. Iri kuwa, idan ya bushe sosai, a zuba shi cikin gangar ƙarfe mai murfi.

Tambayoyi

1. Haƙori nawa kusu yake da shi?
2. Mi ya sami tsiron da ya fito a wurin giɓi?
3. Ina ya kamata a aje iri?