Wasan Ces: Yadda Ake Buɗe Fage

Duk wanda ya taso a Tudun Wada ya san dara. Da la'asar za ka tarar da dattawa a gindin bishiya sun haƙa gidaje 30 a ƙasa, wannan da duwatsu 12, wancan da tsinkaye 12, kowa yana neman ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. To, wasan da muke koya wa 'yan aji ɗaya a kulob ɗinmu kowace Laraba ɗan'uwan dara ne, sai dai ya fi ta gidaje da dokoki. Turawa suna kiransa ces, Larabawa kuwa shaɗaranji.

Kada iyayenmu su ɗauka baƙon abu ne. Asalinsa daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, su suka kai shi Andalus. Har a fadar Barno an buga shi, ana ce masa tsatsarandi, da Mai da Ciroma da Kaigama a kan allo. Kuma ba caca ba ne, don babu ƙuri'a ko sa'a a cikinsa. Ba mu sa kuɗi, in an kira salla kuma mukan tashi.

Allon yana da gidaje 64. Layukan tsaye ana kiransu da harufa, a zuwa h, na kwance kuma da lambobi, 1 zuwa 8, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4. Kowane ɗan wasa yana da mayaƙa 16. A kulob mukan ce sarki, sarauniya, giwaye biyu, dawaki biyu, soraye biyu, da dakaru takwas. Ƙimar dakare maki 1 ce, doki da giwa 3, soro 5, sarauniya 9. Sarki ba shi da kuɗi, domin in ya faɗi an gama.

Abin da ya fi korar yara daga kulob shi ne a cinye su cikin tafiya huɗu. Yaro ya zo da ɗokinsa, bai ko gyara zama ba a ce masa an gama, 'yan kallo su yi masa dariya, mako mai zuwa sai ka gan shi a filin ƙwallo. Ga yadda tarkon yake. Fari ya tura dakare e4, Baƙi ya amsa da e5. Fari ya fito da giwa c4, Baƙi ya fito da doki c6. Sai Fari ya zabura da sarauniya zuwa h5. In Baƙi ya yi garaje ya kawo ɗaya dokin f6 don ya kore ta, sai ta cinye dakaren f7, giwa tana tsaronta, sarki ba shi da mafita. Ku lura da gidan nan f7. A farkon wasa ba mai gadinsa sai sarki kaɗai, shi ya sa mayaudara suke sonsa.

Maganin ba wuya. Da ka ga sarauniya a h5, ka tura dakare g6, ka tare mata hanya. Za ta koma f3 ta sake hangen f7, to yanzu ne lokacin kawo doki f6. Daga nan Fari ya shiga uku, don kuwa kai kana fito da mayaƙanka ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana ta yawo da sarauniya kamar mai tallar da ba a saya. A ganina wanda ya dogara da wannan tarko bai iya wasa ba, ya dai iya cin wanda bai sani ba.

Buɗe fage na gaskiya abu uku yake nema. Ka kama tsakiyar allo, wato d4 da e4 da d5 da e5. Ka fito da dawaki da giwaye da wuri, kada ka taɓa ɗaya sau biyu alhali wani yana kwance a gida. Sa'an nan ka kai sarki mafaka, ta hanyar tafiyar nan da sarki yake matsawa gida biyu soro ya tsallako ta gefensa. Dalilin son tsakiya kuwa a fili yake: doki a tsakiya yana iya kai hari gida 8, a kusurwa gida 2 tak. Shi ya sa muke fara koyar da buɗin Italiya, wanda wani gwani mai suna Greco ya yi rubutu a kansa tun ƙarni na 17: e4 da e5, doki f3 da doki c6, sai giwa c4. Ba hadda muke so ba. Mukan tambayi yaro dalilin kowace tafiya, in bai faɗa ba ya mayar da ita.

Cikin dabarun kai hari, wadda yara suka fi so ita ce ta jifan tsuntsu biyu da doki. Alal misali, dokin Fari ya sauka c7 a lokacin da babu mai iya cin sa, ya far wa sarki a e8 da soro a a8 gaba ɗaya. Tilas sarki ya gudu, soro ya tafi a banza. Akwai kuma ɗaurewa, inda giwa take tsare doki a gaban sarkinsa har ya kasa motsi. Wannan sai darasi na gaba.

Ga masu cewa wasan na 'ya'yan masu kuɗi ne, Tunde Onakoya a unguwannin talakawan Ikko ya fara koyar da yara a 2018, a 2024 kuma ya shafe awa 60 yana bugawa a New York don tara kuɗin karatunsu. Mu ma biyu daga allunanmu da kwali muka yi su, dakarun kuwa marafan kwalba ne. Wanda yake so ya gwada, ya zana nasa a hutun nan, ya jera tarkon tafiya huɗu, ya kare kansa da g6, sa'an nan ya nemo inda dokin c6 zai sauka ya far wa sarauniyar da ke f3. Ya kawo amsar ran Laraba bayan la'asar.