Tsofaffin Sulallana Sun Yi Baƙi, In Wanke Su?

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne a Talata Mafara. Bayan rasuwar kakarmu a Maradun, an sami gwangwani cike da tsofaffin kuɗi a adakarta: anini, kwabo mai huji, sisi, sule, fataka da liyari biyu. Magada suka bar mini su. Tun daga nan sha'awar tara su ta kama ni, har na yi odar jerin kwabban 1973 guda biyar, waɗanda ba a taɓa kashewa ba, a rufe cikin gidansu, daga wani dillali a Ingila. Sai da kayan suka haura wata biyu a hanya. Da suka iso na tarar kwabo da sisin kwabo sun yi duhu, gefensu ya yi shuɗi-shuɗi. Liyaran kakarmu kuwa sun yi baƙi. Wani abokina a Bakura ya ce in jiƙa su duka a ruwan tsamiya in goge da toka. Daɗewa a hanya ce ta ɓata su? Cuta ta aka yi? In wanke su?

AMSA: Allah Ya jiƙan kaka, Ya sa ta huta. Kafin komai, ajiye tsamiyar nan da tokar. Abokinka alheri yake nufi, amma shawararsa ta kwanon girki ce. In ka bi ta a kan waɗannan kuɗi, garin neman gira za ka rasa ido.

Dalilin hana wanki

Lokacin da inji ya buga sule, yakan bar wa fuskarsa wani siririn sheƙi wanda ba ya dawowa in ya tafi. Tsamiya da lemon tsami suna cinye wannan fatar ta sama. Toka, yashi, soson ƙarfe da man goge tagulla kuwa suna barin ƙananan karce da ido ba ya gani sai an karkata kuɗin a rana. Masu sayen tsofaffin kuɗi a ko'ina cikin duniya da kallo ɗaya suke gane wanda aka goge, kuma nan take suke karya masa farashi. Duhun da ya tayar maka da hankali, a wurinsu shaida ce cewa hannu bai taɓa lalata abin ba. Wasu ma sukan ƙara kuɗi a kan azurfar da ta yi launin bakan gizo da kanta.

Me ke kawo canjin launi?

Azurfa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Abin da ke taɓa ta shi ne ɓurɓushin farar wuta da ke yawo a iska. Idan ya haɗu da fuskar azurfa sai ya yi mata siririn lulluɓi. Yana farawa ruwan zuma, ya koma ja-ja, ya yi shuɗi, in ya yi kauri ya zama baƙi. Hayaƙin janareto da na girki, robar ɗaure kuɗi, takardar jarida, ulu, albasa da ƙwai duk suna fitar da shi. Jan ƙarfe ya fi azurfa saurin juyawa: yana fita daga inji jawur, shekaru su mai da shi ruwan ƙasa.

Wannan ya kawo mu ga kayanka na Ingila. A jerin 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, sisin kwabo mai hoton auduga da kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin mai na tagulla ne. Kwabo 5 mai koko, kwabo 10 mai bishiyar kwakwar manja da kwabo 25 mai gyaɗa kuwa haɗin jan ƙarfe ne da nikel, wanda ba ya saurin juyawa. Shi ya sa biyun farko kaɗai ka ga sun yi duhu. Kuɗin nan sun haura shekara hamsin a cikin gidansu, kuma gidan ba ya hana iska shiga gaba ɗaya. Mafi rinjaye, launin ya taru ne a tsawon waɗannan shekaru, ba a wata biyun hanya ba. Koma ka duba hoton da dillalin ya nuna kafin ka biya. In launin yana nan a hoton, ba a cuce ka ba. In hoton wasu kuɗi ne daban masu ja fes, kana da hakkin ka kai ƙara. Ko yaya ta kasance, kada ka fasa gidan, domin jerin da ke rufe yadda ya fito ya fi daraja.

Launin da ya kamata ka ji tsoro

Akwai iri biyu da ke cin ƙarfe da gaske. Na farko koren gari ne mai haske da ke tsirowa a kan tagulla, in ka taɓa ya zube. Gishirin zufa da laima ke haddasa shi, yana kuma huda kuɗin. Ware duk wanda ya kamu, ka ajiye shi a busasshen wuri shi kaɗai. Na biyu wani kore ne mai danƙo da ke fitowa daga leda mai taushi, irin wadda ake saka katin shaida ko hotuna a ciki. Zafi yana sa ledar ta yi gumin wani sinadari da ke cin fuskar kuɗin. Maganinsa a cire kuɗin daga ledar, a tsoma shi a tsantsar asiton na ɗan lokaci ba tare da gogewa ba, a bar shi ya bushe. Asiton yana kama wuta da sauri, don haka a yi aikin a fili, nesa da murhu. Wanda mata ke cire jan farce da shi bai dace ba, saboda akwai mai da turare a ciki.

In ƙasa ce kawai ta manne, tataccen ruwa ya isa. Ka jiƙa, ka ɗauraye, ka ɗora a kan tsumma mai laushi ya sha iska.

Ka san abin da ke cikin gwangwanin

Zauna da tabarau mai ƙara girma ka karanta shekarun. An fara buga anini da kwabo mai huji a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Taro, sisi, sule da fataka na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. A 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma tagulla. Ware na azurfar gefe guda.

In ka ga ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham ce da suka buga kuɗin. Nemi kuma mai huji na 1936 da ke ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a Disambar shekarar. A Ingila kanta ba a fitar da kuɗi da sunansa ga jama'a ba, amma a nan an kashe su a kasuwa. An buga su da yawa, don haka ba tsada gare su ba, tarihinsu ne mai daɗi. Waɗanda aka rubuta 1959 kuwa su ne kuɗin farko na Babban Bankin Nijeriya.

Liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya zai nuna maka 1780. Wannan shekarar rasuwarta ce, kuma an ci gaba da buga shi da ita har zuwa zamaninmu. Nauyinsa wajen giram 28 ne, kashi 833 cikin 1000 azurfa. Maƙeran fari sun narkar da su da yawa sun yi mundaye da zobba, saboda haka riƙe naka biyun da kyau.

Ajiya a irin yanayinmu

Kowane lokaci na shekara da irin ɓarnarsa. Damina, musamman Agusta, tana kawo laima, kuma gidajen da ke kusa da gonakin noman rani na madatsar Bakolori sukan sami danshi ko bayan ɗaukewar ruwa. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka share ta da tsumma ka karce kuɗin. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano kuma shi ke narkar da leda. Ga abin yi:

Riƙe kuɗi ta gefensa, da wankakken hannu busasshe ko safar auduga. Zanen yatsa a kan sabon kuɗi yakan zauna har abada.

Raba su, kowane da gidansa. Ƙananan gidaje na roba mai tauri da ake yi don wannan aiki su suka fi. Gwangwani guda yana sa su gogi juna.

Zuba su duka a mazubi mai murfin da ke rufewa gam, ka jefa ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Riƙa sauya su, musamman da faɗuwar damina.

Nisanta mazubin daga madafa, janareto da turaren wuta, kada kuma ka ajiye shi a ƙasa ko jikin bango mai jiƙewa.

Batun jinkirin kaya

Ƙunshin da ya taso daga Turai yakan bi hannu da yawa: jirgi, binciken kwastam, babban gidan waya, Gusau, sannan ƙaramar hukuma. Kowane mataki yana iya cin kwanaki, ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki. Nan gaba, kada ka yarda a aiko maka sai da lambar bibiya, rajista da inshora. Sa a rubuta lambar wayarka a jikin ƙunshin. In kana da amintaccen ɗan'uwa a Gusau, Sakkwato ko Kano, yi amfani da adireshinsa, ka karɓa hannu da hannu. Kada ka nemi dillali ya rage farashi a takardar kwastam, domin in kaya suka ɓace a kan abin da aka rubuta za a biya ka. Kasuwannin intanet suna da wa'adin kai ƙara. San ranar ƙarewarsa, ka shigar da kokenka kafin ta wuce, ko da dillalin yana ta ba ka haƙuri. Ranar da kaya suka iso, ɗauki bidiyon buɗe su. In da hali, yi odarka da rani.

Idan azurfa ko zinariya za ka saya daga nesa, tuntuɓi malamin fiƙihu tukuna, saboda shari'a ta sharɗanta hannu da hannu a musayarsu da kuɗi. Kwandalolin 2007 kuwa, kwabo 50, naira 1 da naira 2, har yanzu kuɗin ƙasa ne, kuma dokar Babban Banki ta 2007 ta hana lalata naira da cinikinta. Ajiye su ba laifi, amma ban da hudawa da narkarwa.

Hattara da masu zancen zaiba

Da zarar an ji kana tara tsofaffin kuɗi, za a zo maka da labarin cewa akwai jar zaiba a cikin anini, wai wani Bature zai saya da miliyoyi in ka biya kuɗin gwaji. Ƙarya ce tsagwaronta, babu zaiba ko ɗigo a cikin waɗannan kuɗi. Yawancin abin da ke gwangwanin kaka ba zai sa ka kuɗance ba, domin miliyoyinsu aka buga. Amfaninsu babba yana wurin ɗalibanka. Sayi littafi ka rubuta shekarar kowane ɗaya, ƙarfensa da inda ka same shi, ka tambayi dattawan Maradun abin da sule ɗaya ke saye a zamaninsu, ka rubuta shi ma. Sannan ka kai su aji, yara su ga auduga da gyaɗar da kakanninsu suka noma a jikin kuɗin ƙasarsu. Allah Ya sa albarka.