Kafin ka zuba kuɗinka a kwamfutar cinya

Ƴaƴana, ina jin hirarku a majalisa, daga masu karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi har waɗanda suka samu ɗan aiki da proje a Agye ko Gidan Rumji. Burin kusan ɗaya ne: ordinatar marar nauyi, mai fuska tangaran, mai daɗin bugu. Ban ga laifinku ba. Wanda ya taɓa goya jaka bisa kabu-kabu daga Tibiri zuwa Cadakori cikin rairayi ya san rabin kilo ma nauyi ne. Amma abu ukun nan ba darajarsu ɗaya ba, kuma ga alama kun jera su a juye.

Ku fara da madannai, don nan hannunku zai wuni. Mu da muka koyi aiki a kan keken rubutu mun san yatsa ba ya yafe wa mugun maɓalli. Masu ƙera injunan sirara sukan rage zurfin maɓallan don su samu wannan sirantakar. Kamfanin Apple ya gwada haka daga 2015, sai ga shi ƴar ƙwayar ƙura na maƙale harafi, har dole ya watsar da tsarin bayan ƴan shekaru. To, wannan fa a ƙasashen da ba su san buji ba. Ina ga mu da hunturu ke shigo mana da ƙasa har cikin kwanon tuwo?

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai ƴan bakin iyaka. Yawancin okaziyon da ke zuwa ta Kano da Katsina tsarin QWERTY gare su, na masu Ingilishi. Takardun buro a nan kuwa da Faransanci ake yin su, a kan AZERTY, inda A da Q suka yi musayar wuri, Z da W ma haka, kuma é da è da ç kowanne na da gidansa. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan maɓalli yana nan yadda yake, ƴan takardun da ake liƙawa kuma gumi ke cinye su. Idan kana bugu ba tare da kallo ba, babu damuwa. Idan har yanzu da ido kake neman harafi, nemi wadda ta dace da harshen aikinka. Su ɓ da ɗ da ƙ kuwa, ko wacce ka saya sai ka saka musu tsari na dabam.

Saboda haka kada ka sayi inji ta hoton WhatsApp. Je ka zauna gaban mai shago, ka buɗe shafi, ka buga sakin layi guda cikakke. Taɓa kowane maɓalli, har na lambobi. Buɗe murfin ka rufe, ka ji ko maƙalinsa ya saki. Ka sa mai shagon ya shiga BIOS a gabanka, don injunan da suka fito daga ofisoshin Turai wani lokaci da makullin tsohon kamfani suke zuwa. Mai shagon da ya ƙi ka yi wannan, yi masa sallama cikin mutunci.

Sai batir. Wutar da Nigelec ke raba mana a wannan yanki, babban kasonta ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa. Kun ga abin da ya faru a Agustan 2023, da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar, ba ta dawo ba sai cikin Maris 2024. Ko lafiya lau ake, zafin Afrilu ba ya barin kuran ya zauna. Nan ne fuskar da kuke kwaɗayi ke cin amanarku: mai 4K zuƙar batir take yi, alhali a inci 14 ido ba ya cin wata riba a rubutu da lissafin Excel fiye da abin da 1920 da 1080 ke ba shi. Wadda za ku guje wa ita ce tsohuwar 1366 da 768. Kuma ku zaɓi fuskar da ba ta ƙyalli, don wanda ke ɗaukar sunayen manoma ƙarƙashin gawo ba ya buƙatar madubi.

Nauyi shi ne na ƙarshe. ThinkPad X1 Carbon bai fi kilo ɗaya da ɗan ɗori ba, madannansa kuma abin yabo ne, sai dai RAM ɗinsa a narke yake jikin allo, ba a ƙara shi. Ɗan uwansa T480, ko HP EliteBook 840, sun kai kilo ɗaya da rabi, amma mai gyara a Maraɗi zai kwance su da sukundireba ya sauya abin da ya mutu. Ni da za a tambaye ni, wannan rabin kilon zan ɗauka.

In ka gama ciniki, rage ƴan jikkoki ka sayi jaka mai zif da caja ta asali, kuma ka roƙi mai shago ya ba ka kwana biyu ko uku na gwaji, ya rubuta maka a rasit.